Igiyar Ladingo da Garar da Ta Zama Dutse

A zurfin gaba ashirin da uku cikin rijiya, dagin Anaruwa ya huda wani abu da ba ƙasa ba, ba kuma ruwa ba. Ƙarfen ya zurma har rabi, wata iska mai sanyi ta buso daga ƙarƙashin ƙafafunsa, tana warin tsohon rumbu.

Kafin mu bi shi ciki, bari ku san ko wane ne. Anaruwa mahaƙin rijiya ne, ɗan mahaƙin rijiya, a wani ƙauye da ake kira Tungar Barmo. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma taurin kansa ya yi suna. In ya nuna wuri ya ce nan ne gabas, ko rana ta fito ta ƙeyarsa ba zai janye ba. Shekara uku rijiyoyin Tunga suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har mutane suka fara ɗaure kaya. Shi kuwa ya rantse ba inda za shi, don kabarin ubansa na nan, na 'ya'yansa biyu na nan.

Mahaƙa suna da hanyarsu ta neman ruwa. Sukan je gindin babban suri su ɓantare gefensa, su tafi. In an dawo an tarar gara ta toshe wurin da ɗanyar ƙasa, to akwai ruwa a ƙasa, don gara ba ta gini sai da laima, kuma komai zurfinta sai ta je ta ɗebo. A bayan Tunga akwai wani baƙin suri da ya kai tsawon mutum biyu, tun kakanni yana tsaye. Anaruwa ya tara dattawa, ya sha wuya kafin ya ɓantare gefensa, don tauri ne da shi kamar dutsen niƙa. Kwana biyu ba abin da ya toshe wurin. A rana ta uku, da tsakar rana, kowa ya shige inuwa, sai gogan naku ya ɗebi ƙoƙo biyu a tulun matarsa, ya kwaɓa ƙasa, ya je ya toshe da hannunsa. Har tsinke ya sa ya yi wa wurin huji-huji don ya yi kama da aikin gara. Wallahi da wani abin kirki ya kashe wa wannan basira, da yanzu ana sa masa albarka.

Da la'asar mutane suka ga ɗanyar ƙasa, suka yi kabbara, suka kwance kaya. Wata huɗu suka zauna suna jiran rijiyarsa. Shanu suka mutu, awaki suka bi su. A wata na biyar aka watse, ba wanda ya tsaya yi masa sallama. Tunga ta rage daga shi sai matarsa Ladingo, wadda suka shekara talatin da ɗaya tare, sai wani jaki da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa. Ita ke tsayuwa a bakin rijiya, tana jan guga cike da ƙasa, tana kuma riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa.

Da safiyar wannan rana, kafin ya sauka, ta leƙa tulu ta ce, "Maigida, ruwan nan na kwana biyu ne, in mun yi tsimi. In yau ba ka ga laima ba, gobe mu bi mutane."

Ya ce, "Ke dai riƙe igiya."

Ta ce, "Na riƙe. Ba kuma zan sake ta ba sai ka fito."

Ladingo ba mai yawan magana ba ce, amma in ta faɗi abu, to ya zauna.

To, Anaruwa ya sake kai wa wurin sara, sai gindin rijiyar ya rufta da shi. Ya yi ta faɗuwa, igiya na bin sa ba ta ƙarewa, har ya dira a kan wani tattausan gari. Da ya miƙe sai ya gan shi a wani zaure mai ginshiƙai, wanda idonsa bai kai ƙarshensa ba. Jikin bango kuwa gara ce dubu bisa dubu, kowace da ɗigon ƙasa a baki, kowace ta ɗaga ƙafa za ta taka, amma ba mai motsi. Ya taɓa ɗaya, ya ji dutse ce.

A tsakiyar zauren akwai wani dunƙulen ƙaro, rawaya kamar zuma, ya daskare ya yi tauri. A cikinsa ga shinge, wato gara mai fiffike, fukafukanta a buɗe. Daga cikin ƙaron murya ta fito.

"Aminci gare ka, ya kai ɗan Adam mai dagi. An daɗe ana sauraron sararka daga sama."

Anaruwa ya daure ya ce, "Tare da ke, baiwar Allah. Wace ce ke?"

"Ni ce Shinge, jakadiyar Uwar Gara. Ƙaro ya zubo mini tun kakanninka ba su san wuta ba. Me ya kawo ka?"

"Ruwa nake nema."

"Hanyar ruwa Uwar Gara ce ta san ta. Tsakaninka da ita ƙasa uku ce, dukansu namu ne a da. A ƙofar kowace za a yi maka tambaya guda. In ka faɗi gaskiya, ka wuce lafiya. In ka yi ƙarya, za ka wuce, amma ba dukanka ba. Ka kuma sani, igiyar da ke ƙugunka tana kai magana sama. Duk abin da ka furta, mai riƙe da ita tana ji."

Ya dubi igiyar. Sai ya ji an ɗan ja ta sau ɗaya, alamar da Ladingo ke yi masa kullum, wato ina nan. Ya ɗauki ƙaron ya ɗaure a zaren layarsa, ya saɓa dagi, suka bi wata ƙofa.

Suka ɓulla a wata ƙasa fara fat. Anaruwa bai san ƙanƙara ba sai wadda kan zubo da ruwan sama ta narke kafin a tsince ta. Nan kuwa ita ce ƙasa, ita ce tudu, ita ce kwari. Ba itace, ba tsuntsu, rana ta rataye can ƙasa-ƙasa kamar marar lafiya. Iska ta yi ta yankan kunnuwansa, tafin ƙafarsa ya tsage, yana tafe yana barin jini a baya. Da ya sunkuya sai ya hango ta cikin ƙanƙarar wasu manyan kututture a kwance, jikinsu duk ɗigon ƙaro, kowane ɗigo da gara a ciki.

Shinge ta ce, "'Yan uwana ke nan. Nan aka haife ni. Kurmi ne a da, mai zafi, mai ruwa, surinmu har gindin kowane itace. Sanyi bai zo rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ya riƙa ƙaruwa, shekara bayan shekara. Waɗansu suka yi kudu. Uwar gidanmu ta ce ba ta barin ginin kakanninta."

Anaruwa ya ce, "Ai ta yi daidai."

Suka ci gaba da tafiya.

A ƙarshen farar ƙasa suka iske wani zago, sojan gara, girmansa ya kai na bijimi. Daga wuya zuwa ƙasa dutse ne, jan kansa kaɗai ke motsi. Ya buɗe muƙamuƙi ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wa ya toshe surin Tungar Barmo?"

Anaruwa ya ji igiya a ƙugunsa kamar ta ƙara nauyi. Ya tuna Ladingo, da awakinta bakwai da suka mutu, da ƙanwarta da ta tafi tana kuka tana roƙon ta biyo su. Kunya ta kama shi, kunyar mace guda ta fi masa tsoron zago. Ya ɗaga murya don a ji sama, ya ce, "Gara ce ta toshe."

Zago ya kauce. Anaruwa ya ɗaga ƙafa zai wuce, sai ya ji sanyin ya daina cizon sa. Ya duba, ƙafafunsa sun zama baƙin dutse har idon sawu. Kun san abin da ya ce? Cewa ya yi, to ai ya huta da tsagewar ƙafa.

Ƙofa ta biyu ta fitar da su bakin wani ruwa marar iyaka. Anaruwa ya yi kururuwar murna, ya ja ƙafafunsa ya faɗa ya kurɓa, sai ya furzar, gishiri ne zalla. Ya zauna, ƙishinsa ya ninku. A bakin gaɓa surori ne na dutse jere, kuma can kan wani tsauni ga rabin suri tsaye, an raba shi daga sama har ƙasa kamar an tsaga kabewa, ɗakunansa a buɗe suna kallon teku.

Ya ce, "Ina ɗaya rabin?"

Shinge ta ce, "Yana hayin can, tafiyar wata uku a jirgi. Ƙasa ɗaya ce a da. Ta riƙa tsagewa a hankali, ruwa yana shigowa. An ga tsagar tun tana kamar zare. Waɗanda suka ƙaura sun hayayyafa a nan da can, har yau jikokinsu na gini iri ɗaya, ba su san juna ba. Waɗanda suka ce sai sun ɗinke tsagar da laka, ga su nan kana gani."

Hanyar ƙetarewa wata siririyar gada ce ta fukafukan shinge, suna yawo a kan ruwa. Mai ƙafar nama zai wuce a guje. Anaruwa kuwa taku goma ya yi gadar ta ɓurma, dutsen ƙafarsa ya ja shi ƙasa. Ruwa ya rufe kansa, wasu abubuwa masu dogayen hannuwa suka taso daga duhu suna laluben wuyansa. Ya saddaƙar mutuwa ce ta zo. Sai igiya ta miƙe, ta ja shi da wani irin ƙarfi, ta fizgo shi sama, ta yi ta jan sa har ya dafa gaɓar hayi. Ladingo ce fa, tsohuwa mai ciwon baya, a can bakin rijiya ita kaɗai. Ya kwanta yana amayar da ruwan gishiri, ya ga igiyar ta yi ja a wani wuri, ya san fatar hannunta ce ta saɓule.

Zago na biyu yana tsaye a nan, gansakuka ta rufe masa baya. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wa ya toshe surin Tungar Barmo?"

Yanzu kam ai kowa zai ce ya yi hankali. Ina! Tunani ya yi, matar da ta yi masa wannan, da wane baki zai gaya mata cewa a kan ƙarya take zubar da jini? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hannun mutum ne, ranka ya daɗe. Wani ne daga cikin mutanen gari."

Zago ya ce, "Rabin gaskiya a wurinmu ba ta da suna sai ƙarya. Wuce."

Dutse ya hau har saman gwiwoyinsa. Daga nan bai ƙara taku ba, sai dai ya kafa dagi a gaba ya jawo jikinsa, ya sake kafawa ya sake jawowa.

Ƙasa ta uku rairayi ce da rana. Suka bi wani busasshen kwari mai faɗin gaske, inda ƙashin kifi da na kada suka zama dutse, ga kwale-kwale rabi a binne. Harshensa ya kumbura, leɓɓansa suka farfashe. Abin da ya fi damun sa shi ne igiya. A da Ladingo kan ja ta akai-akai, yanzu sai an daɗe, kuma jan ba ƙarfi. Ya tambayi Shinge tsawon lokacin da suka ɗauka, ta ce a lissafin mutanen sama yini na biyu ke nan ya raba. Ya lissafa abin da ya rage a tulu, ya ga ya kusa ƙarewa.

Can ya ɗaga kai ya ga wani tudu mai kama da doron raƙumi. Ya san tudun nan. A gindinsa ya yi kiwo yana yaro. Gaba kaɗan ga baƙin suri tsaye.

Ya ce, "Jakadiya, nan ai garinmu ne."

Ta ce, "Ƙasarku ce, yadda take kafin ku, da yadda za ta koma bayanku. Shiga."

Suka gangara ƙarƙashin surin, zuwa wani ɗaki mai ƙasa-ƙasan rufi. Uwar Gara na kwance, tsawonta ya kai na kwale-kwale, jikinta duk dutse, baki kaɗai ya rage mata. Kewaye da ita dubban bayinta ne, sun daskare suna miƙa mata abinci. Anaruwa ya so ya durƙusa, gwiwa ta ƙi, sai ya faɗi rubda ciki ya ce, "Ranki ya daɗe."

Ta ce, "Ya daɗe har ya gundure ni. Ɗan Adam, an yi ƙarya da sunan zuriyata, an ce mun yi gini inda muka shekara dubbai ba mu taɓa laka ba. Ni zan tambaye ka da kaina, kuma daga ni ba wata ƙofa. Wa ya toshe surin nan?"

Ya kama igiyar da hannu biyu. Ya jira a ja, ba a ja ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ba na dutse ba, na kada ya faɗa a lokacin da babu mai ji. Ya kai bakinsa jikin igiyar ya ce, "Ni ne. Ni Anaruwa na toshe shi da hannuna. Ruwan tulun matata na sata na kwaɓa ƙasar. Ni na kashe dabbobin mutane, ni na tsare ta a nan."

 Can sai igiya ta motsa, sau ɗaya, a hankali.

Uwar Gara ta ce, "To saurara. Ni ce uwar da ta ƙi tashi daga wannan wuri. Kogin da ka bi kwarinsa ya tafi tun damina dubu bakwai. Abin da kuka sha, kai da kakanninka, ragowar gindin tukunya ne, kuma ya ƙare. Ko ka haƙa gaba ɗari ba za ka ga laima ba. 'Ya'yana da suka ƙi bin maganata sun yi kudu maso gabas, tafiyar yini biyu a jaki. Surinsu ja ne, ruwa na ƙarƙashinsa a gaba tara. Jakadiyata za ta nuna hanya."

Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe. Ƙafafuna fa?"

Ta ce, "Abin da ya zama dutse ba ya komawa nama. Da yana komawa, ai da ni na fara."

Rufin ɗakin ya buɗe. Ashe duk wannan tafiya zagaye ya yi, yana daidai gindin rijiyarsa. Can sama ga bakinta, ɗan haske kamar bakin ludayi, da inuwar kan mutum.

Ya yi kira, "Ladingo!"

Muryarta ta sauko a dushe. "Ina ji, Maigida. Tsaya in ɗaura wa jaki."

Ta ɗaura, ta kora. Igiya ta miƙe tana ƙara, Anaruwa ya ɗagu kamar kamu ɗaya, sai jakin ya durƙushe. Ta tashe shi, ta haɗa da nata ƙarfin, suka sake ja. Sau uku ana haka. A na ukun ya ji faɗuwarta, ya ji ta daɗe ba ta tashi ba.

Ya ce, "Bari haka nan. Kin ji abin da na faɗa ɗazu?"

Ta ce, "Na ji. Ai na sani tun ranar."

"Kin sani?"

"Haba Maigida. Tuluna ne fa, na san inda ruwansa ya tsaya. Kuma da ka sa hannu a tuwo na ga laka a farcenka."

Anaruwa ya dubi ƙafafunsa. Sirrin da ya ba da su don ya ɓoye, ashe wata biyar yana hannunta. Ya yi kuka, kukan da ba hawaye, don babu ruwan yin su a jikinsa. Ya ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Jira nake ka faɗa da bakinka. Na san za ka faɗa, ban dai zaci sai ka je ƙarshen duniya ba."

Ya kwance ƙaron daga wuyansa ya sa a guga, ya ce ta ja. Ya gaya mata kudu maso gabas, jan suri, gaba tara. Ya ce ta shanye abin da ya rage, ta jiƙa wa jaki baki, ta kama hanya tun rana ba ta faɗi ba. Sannan ya ƙara da cewa, "Ni akwai wata hanya ta ƙasa, zan bi in tarye ki can."

Ta ce, "Yanzu ka gama tuba, kada ka fara wata ƙaryar."



Ta ƙara da cewa, "Na gaya maka ba zan saki igiyar nan ba sai ka fito. Ga ni nan zaune."

Ya roƙe ta da Allah, ya roƙe ta da 'ya'yansu da ke kwance, ya yi faɗa, ya yi lallashi. Shekara talatin da ɗaya shi ke taurin kai a gidan, bai taɓa sanin nata ya fi nasa ba sai ranar. Da ya ga hasken bakin rijiya ya fara ja, sai ya jawo igiyar, ya ɗora ta a kan gwiwarsa ta dutse. Ya ja ta sau ɗaya, a hankali, yadda take yi masa. Ta amsa. Sannan ya ɗaga dagi ya sara.

Ladingo ta ji nauyi ya tafi. Ta jawo igiyar har ƙarshe, ta ga yankan ƙarfe. Ta leƙa ta yi ta kira, ba amsa, don ya san in ya amsa ba za ta tafi ba. Ta daɗe a durƙushe. Daga baya ta naɗe igiyar, ta hau jaki, ƙaron nan na haske a tafin hannunta duk lokacin da ta fuskanci daidai.

Ta isa jan surin da rai, da ƙyar. Ta ɓantare gefensa, ta zauna a wurin ba ta matsa ba, har ta ga gara da idonta tana fitowa da ɗanyar laka. Makiyaya suka tsince ta, suka kai labari, mutanen Tungar Barmo suka taru suka haƙa. A gaba ta tara ruwa ya ɓulɓulo. An aika mutum shida da raƙumi su ɗauko Anaruwa, suka tarar rairayi ya cike rijiyar, sai baƙin suri kaɗai a tsaye.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Kakata ta san ta, ita ta ba ni wannan labari, kuma iyakar abin da ta ba ni ke nan. Ta ce kullum za ka ga tsohuwar a bakin sabuwar rijiya da wata tsohuwar igiya naɗe a hannu, ko ɗiban ruwa take ba ta ajiye ta. In mata suka ce, "Inna, ki huta da abin nan mana, ai ya wuce," sai ta dube su ta ce, "Na ce masa ba zan saki ba. Ban kuwa saki ba. Shi ya yanke."